Yadda Ake Cire Karyayyen Matoshin Hitar Ruwa ta Tirelar Tafi-da-Gidanka a Sa Sabo

Duk wanda ya mallaki tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗakin kwanan nan mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa wuraren hutu, wanda mutanen Ingila ke kira karafan, ya san cewa a ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa dole ne a zubar da ruwan hitarta kafin hunturu ya kankama. Idan ruwa ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, tankin da yake cike kuwa ba shi da inda zai kai wannan ƙarin, sai ya tsage. A wajen wannan zubarwa ta shekara-shekara ne matoshin da ke ƙasan tankin yakan karye: mutum ya ɗora sifana ya murɗa, sai kan matoshin ya biyo sifanar, gindinsa mai zare kuma ya maƙale a cikin ramin.

Na cire irin wannan guntu sau da yawa a nan Amurka, a tirelata da kuma na mutanen da suka kawo mini nasu. Kuɗin matoshin bai taka kara ya karya ba, amma zaren da ke cikin ramin, wanda makanikai ke kira tiredi, a jikin tankin yake, kuma na alminiyam ne mai taushi. Idan ya lalace, magana ta koma ta walda ko ta sayen wani tanki. Shi ya sa na jera hanyoyin cirewa daga wadda ba ta taɓa zaren zuwa wadda ta fi kusantarsa, kuma ina ba da shawarar a bi su a jere, kada a tsallake.

Wace irin hita ce a gabanka?

Buɗe ƙofar hitar da ke jikin tirelar ta waje ka karanta takardar da aka manna a ciki. Wannan bayani ya shafi hitar Atwood ne, kamfanin da Dometic ya saya a 2014, don haka za ka iya ganin ɗaya daga cikin sunayen biyu. Tankinta na alminiyam ne, yawanci mai cin galan 6 ko galan 10, wato kimanin lita 23 ko lita 38, matoshinta kuma na farar roba ce mai tauri ta nailan, mai zaren rabin inci irin na NPT, wato ma'aunin zaren bututu na Amurka. Idan ka ga an rubuta Suburban, to tankin ƙarfe ne da aka lulluɓe cikinsa da tangaran, abin da ke toshe raminsa kuma sandan anod ne, wato sandan da ke cinyewa a madadin tankin, mai kan ƙarfe, mai zaren inci 3/4, wanda ake kwancewa da soket mai inci 1 1/16. Wannan ba ya karyewa irin karyewar roba, cijewa yake yi saboda tsatsa. A Ingila tsohuwar hitar Carver Cascade ita ma tana da matoshin roba da ake kwancewa daga waje, kuma dabarun cirewar da ke ƙasa suna yi mata amfani, sai dai girman matoshinta da yadda yake riƙe ruwa dabam ne, don haka nata za a saya mata. Hitar Truma Ultrastore kuwa ɗan hannu rawaya take da shi a cikin tirela da ake ɗagawa ruwa ya zube.

Kayan aiki

- Sabon matoshin nailan mai zaren rabin inci NPT. Ka sayi biyu, ɗaya ya zauna a akwatin kayan aiki.
- Soket mai kusurwa shida, inci 15/16 ko 7/8 gwargwadon kan matoshin, da hannunsa, da ɗan sandan ƙarin tsawo.
- Filaya mai dogon baki, da filaya mai kullewa.
- Babban sukundireba mai faɗin baki ko siririn cizal, wanda faɗinsa bai wuce milimita 16 ba.
- Ƙarfen ciro karyayyen bututu na rabin inci, wanda ake samu a shagon kayan famfo ko na kayan ban ruwan lambu.
- Bakin zarton yankan ƙarfe shi kaɗai ba tare da marikinsa ba, mai ƙananan haƙora, 24 ko 32 a kowane inci.
- Basilla ko wani tsinken ƙarfe mai kaifin baki, da ƙaramar guduma.
- Tab na gyaran zare mai lamba 1/2-14 NPT, idan akwai.
- Farin tef na masu gyaran famfo, tsohon buroshin haƙori, ruwan khal, tsumma, tocila, safar hannu da tabaran kariya.
- Na'urar busar da gashi, da tiyo na ruwa mai siririn baki domin wanke tanki.

Akwai wani abu game da awon da ke rikita sabon shiga. Abin da ake kira rabin inci a zaren bututu ba faɗin ramin ba ne. Idan ka aza ma'auni a kan zaren matoshin za ka ga kusan milimita 21, sai ka zaci na inci 3/4 ne, ka sayo wanda ba zai shiga ba. Haka nan kayan famfon da ake sayarwa a Turai da Najeriya galibi masu zaren BSP ne, wato ma'aunin Ingila. A rabin inci, NPT da BSP duka suna da zare 14 a kowane inci, don haka ɗaya yakan fara shiga ɗaya kamar ya dace, amma kusurwar haƙorinsu ta bambanta, digiri 60 da digiri 55, kuma ƙarshen abin yoyo ne ko cin zare.

Mataki na 1: Kashe gas da wutar lantarki, ka bar ruwan ya huce

Kashe makunnin hitar da ke cikin tirela, na gas da na lantarki, sannan ka rufe tukunyar gas ɗin daga kanta, ka kuma sauke makunnin hitar a akwatin rarraba wuta ko ka zare wayar tirelar daga wutar waje gaba ɗaya. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne ƙarfen dumama ruwa mai aiki da bolt 120 yana ƙonewa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci idan aka kunna shi tankin yana fanko, kuma yaro ko baƙo na iya danna makunnin ciki kana waje ba ka sani ba. Ni nakan manna ɗan tef a kan makunnin don tunatarwa.

Ruwan wannan hita yana kaiwa kusan digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya isa ya sale fata cikin daƙiƙu kaɗan. Ko dai ka bar ta ta kwana a kashe, ko ka buɗe famfon ruwan zafi na ciki ya yi ta zuba har sai ka ji ruwan ya yi sanyi a hannunka.

Mataki na 2: Tsayar da ruwa, ka sauke matsi

Kashe injin tura ruwa na tirelar, ka cire tiyon ruwan waje idan a haɗe yake, ka buɗe famfon ruwan zafi a kicin ka bar shi a buɗe. Daga nan ka koma waje ka ɗaga ɗan hannun bawul ɗin tsaro da ke saman hitar, wanda aka ƙera domin ya buɗe da kansa idan matsi ya kai 150 a ma'aunin matsi na psi ko zafi ya kai kusan digiri 99. Ka tsaya a gefe lokacin da kake ɗaga shi, ba a gabansa ba. Ka bar shi a ɗage, domin ta nan iska za ta shiga ruwan ya fita sumul ba tare da yankewa ba.

A karo na farko da na yi wannan aiki na tsallake matakin nan, don na ga matoshin ya riga ya karye na ɗauka babu sauran matsi. Ashe wani siririn bango na roba ya rage yana riƙe da ruwan. Ina caka masa sukundireba sai ya fashe, ruwan ɗumi da farar laka suka feso mini har cikin hannun riga da fuska. Allah Ya taimake ni hitar ta yi awoyi a kashe.

Mataki na 3: Duba yadda ya karye

Haska ramin da tocila ka share bakinsa da tsumma. Matoshin nan kansa a cike yake, amma gindinsa mai zare rami ne a ciki kamar ɗan bututu, don haka karyewarsa iri uku ce. Wani lokaci kan yana nan daram, kusurwoyinsa ne kawai suka cinye har soket yana zamewa. Wani lokaci kan ya fita ya bar bangon robar da na ambata. Mafi yawan lokaci kuma kan ya tafi gaba ɗaya, sai zoben roba kawai a liƙe cikin zaren, ruwa yana zuba ta tsakiyarsa. Idan akwai bango, ka huda tsakiyarsa da basilla a hankali, ka faɗaɗa hudar, ka bar ruwan ya gama zuba.

Ka kuma lura da abin da ke kewaye da ramin. Bututun gas da bawul ɗinsa da wayoyi suna kusa sosai, har sukan tare hanyar hannu, kuma babban kuskure ne mutum ya jingina sifana ko cizal a kan bututun gas yana neman ƙarfin murɗawa. Ka ɗauki hoton wurin da wayarka kafin ka taɓa komai, ka lulluɓe bakin murhun gas na hitar da wayoyin da leda don kada ruwa ya shiga.

Mataki na 4: Sassauta shi kafin ka murɗa

Abin da ke riƙe guntun galibi farin ma'adinin ruwa ne da ya ƙafe tsakanin roba da zare, mai kama da garin alli, tare da tsohon tef. Jiƙa tsumma da ruwan khal ka cusa a bakin ramin ya yi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Ban ga amfanin fesa man kwance tsatsa a nan ba, domin roba ba ta tsatsa, kuma warinsa yana daɗewa a tankin da za a yi wanka da wanke-wanke da ruwansa. Bayan ka cire tsumman, ka hura wa wurin iska mai zafi da na'urar busar da gashi na 'yan mintoci don robar ta ɗan yi laushi. Kada a kusanto da wutar walda ko wani harshen wuta nan wurin ko da an rufe tukunyar gas, saboda akwai sauran gas a bututu, ga kuma wayoyi da abin rufin tanki da ke narkewa.

Mataki na 5: Cire guntun

Duk murɗawar cirewa zuwa hagu ake yin ta, saɓanin tafiyar hannun agogo, kana fuskantar ramin.

*Idan kan yana nan.* Ɗora soket mai kusurwa shida, ka ɗan buga shi da guduma ya zauna har ƙasa, ka danna shi ciki da tafin hannu ɗaya kana murɗawa da ɗayan. Soket mai kusurwa goma sha biyu da sifana mai daidaitawa su ne suka fi cinye kan matoshi tun farko, don haka ka ajiye su. Idan 15/16 yana zamewa a kan da ya cinye, sau da yawa 7/8 yakan kama idan an buga shi. Idan duka sun ƙi, filaya mai kullewa ce ta rage, kuma ka sa a ranka cewa kan zai iya fita a hannunka, wanda ba wani abin tashin hankali ba ne.

*Filaya mai dogon baki.* Idan zobe ne ya rage, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Tura bakin filayar cikin zoben a rufe, ka buɗe hannuwanta da ƙarfi har haƙoranta su ciji robar daga ciki, sannan ka murɗa. Idan an yi sa'a zoben ba ya da tauri, nan take zai biyo. Ka gwada sau biyu ko uku, in ya ƙi ka wuce gaba, domin ci gaba da goga shi yana ƙara sirantar da robar ne kawai, sauran hanyoyin kuma suna bukatar naman da za su kama.

*Ƙarfen ciro bututu.* Tura shi cikin zoben, ka buga shi da guduma bugu biyu ko uku marasa ƙarfi don haƙoransa su shiga, ka kama gindinsa da sifana ka murɗa a hankali kana danna shi ciki. Kuskuren da ake yi a nan shi ne yawan bugu. Ƙarfen yana ƙara kauri zuwa baya, don haka duk bugun da ka ƙara yana buɗa zoben ne yana daɗa matse shi a jikin zaren, sai ka ga abin da yake shirin motsi ya ƙara cijewa. Mai miƙaƙƙun haƙora ya fi mai murɗaɗɗu a kan roba saboda wannan dalili.

*Zafaffen sukundireba.* Wannan ce hanyar da ta fi yi mini aiki, kuma ba ta bukatar wani kaya na musamman. Zaɓi sukundireba ko cizal wanda faɗin bakinsa ya ɗan fi cikin zoben amma bai kai faɗin ramin tankin ba. Ramin a wajen haƙoran zare kusan milimita 18 ne, shi ya sa na ce kada bakin ya wuce 16. Ka je nesa da tirelar ka gasa bakin a wuta, ba sai ya yi ja ba, domin nailan yana narkewa tun bai kai digiri 300 ba. Ka dawo da shi da sauri ka danna shi a tsakiyar zoben, a miƙe, har gefunansa biyu su nutse cikin robar kamar santimita ɗaya. Sai ka bar shi a nan, kada ka motsa shi. Haƙuri a wannan gaɓa shi ne dukan dabarar: idan ka murɗa robar tana da zafi, bakin zai yi ta juyawa cikin narkakkiyar roba kamar cokali a kunu, amma idan ka jira minti biyar ta sandare, sai ta riƙe bakin gam, ka sami abin da ya zama sabon kai. Kama sandan sukundireban da filaya mai kullewa ko sifana, ka danna ciki, ka murɗa a hankali. Za ka ji wata 'yar ƙara ƙas, daga nan sai ya fara juyawa. Ka kauce wa shaƙar hayaƙin robar, ka kuma sa safar hannu mai kauri.

*Yanka da zarto.* Idan duk waɗannan sun gaza, sai a yanka zoben a fitar da shi gunduwa-gunduwa, kuma a nan ne ake lalata tanki idan an yi gaggawa. Naɗe ƙarshen bakin zarton da tsumma ko tef ya zama mariƙi, ka juya shi yadda haƙoransa za su yi yanka lokacin da kake jawowa waje, domin garin robar ya fito maimakon ya faɗa ciki. Idan bakin ya yi wa ramin faɗi, a rage bayansa da dutsen wasa ko magagari. Ka yi tsaga ɗaya daga cikin zoben zuwa waje, a wurin da hannunka ya fi sakewa kuma idonka ke gani, kana riƙe da bakin a miƙe ba a karkace ba. Bayan kowane ja uku ko huɗu ka tsaya ka haska, ka dubi garin da ke haƙoran zarton: muddin fari ne, roba kake yanka, da zarar ka ga ɗigo mai ƙyalli kamar azurfa, ka taɓa alminiyam, ka tsaya nan take. Ba a bukatar a yanka robar har ƙarshe. Idan ta yi sirantar da kake hango inuwar zaren ta cikinta, ya isa.

Yi tsaga ta biyu kamar milimita 6 zuwa 8 daga ta farko. Sa bakin basilla a gefen ɗan yankin da ke tsakaninsu, ka ɗan buga, ka tura shi zuwa tsakiyar ramin, ba zuwa cikin tanki ba, ka kama shi da filaya ka fitar. Da zarar wannan yanki ya fita, zoben ya rasa ƙarfinsa. Sai ka kama gefensa ɗaya da filaya mai dogon baki ka nannaɗe shi zuwa ciki kana murɗawa hagu, zai ɓantaro daga zaren. Idan wani guntu ya faɗa cikin tanki kada ka damu, amma ka ƙirga su, domin a wajen wanki za ka so ka ga sun fito.

Injin huda kuwa ban yarda da shi a wannan aiki ba. Wani bawan Allah da muke masallaci ɗaya ya taɓa kirana ranar wata Asabar yana cewa, "Malam, na cire shi tas, amma sabon ya ƙi kamawa." Da na je na haska, sai na tarar ya sa babban bakin huda, bakin ya zame gefe ɗaya saboda bututun gas bai bar shi ya tsaya a miƙe ba, ya share zaren ɓangaren ƙasa ya bar shi sumul kamar cikin kofi. Aikin da zai ƙare cikin awa ɗaya ya koma kwance hita gaba ɗaya da neman mai waldar alminiyam.

Mataki na 6: Share zaren

Bi kowane layin zare da bakin basilla kana ɗebe ragowar roba da tef, sannan ka goge da buroshin haƙori da ruwan khal. Idan kana da tab, ka fara shigar da shi da yatsunka kawai, ka tabbata ya bi tsohon zaren a miƙe, ka yi rabin juyi gaba ka dawo kwata baya, ka fito da shi lokaci-lokaci ka share. Zaren NPT tsukakke ne, yana ƙara matsewa zuwa ciki, kuma wannan matsewa ce ke riƙe ruwa. Saboda haka da zarar ka ji tab ɗin ya yi nauyi ka tsaya; in ka ci gaba, faɗaɗa ramin kake yi, sabon matoshi zai shige har wuya bai matse ba.

Idan babu tab, nemi ɗan guntun bututun tagulla mai zaren rabin inci NPT, ka yi masa tsaga biyu a tsaye a kan zaren da magagari, ka goge kaifin, ka riƙa shigar da shi da fitar da shi da hannu. Tsagar tana kwaso datti ba tare da ta yanki sabon zare ba, kuma ga sabon shiga wannan ya fi tab aminci.

Mataki na 7: Wanke tankin

Ramin zubar da ruwan ba a can ƙasan tankin yake ba, don haka kullum akwai ruwa kusan lita biyu da ke saura tare da laka. Tura siririn bakin tiyo ta ramin, ka riƙa juya shi sama da ƙasa da gefe, ka bar ruwan yana fitowa har ya yi garau kuma guntayen robar sun fito. Wanda aka bari a ciki yakan je ya toshe bawul ɗin bayan hitar ko rariyar bakin famfo, mutum ya yi ta mamakin yadda ruwan zafi ya rage ƙarfi.

Mataki na 8: Sa sabon matoshi

Gwada shi da hannu tukuna ba tare da tef ba. Ya kamata ya yi juyi uku ko huɗu cikin sauƙi kafin ya fara nauyi. Idan ya cije tun a juyin farko, ya hau zare a karkace, ka fito da shi ka sake. Riƙe matoshin bakin zarensa yana kallonka, ka naɗa tef zagaye uku zuwa dama kana ɗan jansa ya kwanta cikin zaren, ka bar layin farko babu tef don kada yayinsa su shiga tanki. Idan ka naɗa shi ta hagu, zai warware lokacin ɗaurewa.

Ɗaure da hannu har ya tsaya, sannan ka ƙara juyi ɗaya zuwa ɗaya da rabi da soket. Za ka ga sauran zare a waje kuma kan bai taɓa jikin tanki ba. Haka ya kamata ya kasance. Ƙoƙarin shigar da shi duka shi ne ke tsaga wuyansa, ya kwana da tsagar har shekara ta zagayo ya karye a hannun mai kwancewa.

Idan ba ka sami na nailan ba kuma kana kan hanya, matoshin CPVC, wato robar bututun ruwan zafi, mai zaren rabin inci zai riƙe, domin yana jure zafi har kusan digiri 93. Farin PVC na ruwan sanyi iyakarsa digiri 60, daidai zafin da hitar ke kaiwa, don haka bai dace ba. Mutane da yawa suna komawa matoshin tagulla don ba ya karyewa, ni kuma ban goyi bayan haka ba sai na 'yan kwanaki: tagulla da alminiyam idan suka haɗu cikin ruwa, alminiyam ne ke cinyewa, su manne da juna, kuma ranar da aka matsa, zaren tankin ne zai ba da kai tunda shi ne mai taushi. Na baƙin ƙarfe ma bai dace ba. An yi matoshin da roba ne domin in abu zai lalace, shi ya lalace. Idan babu ko ɗaya, ka juya bawulolin kewaye da ke bayan hitar a cikin tirela don ruwa ya tsallake tankin, ka bar hitar a kashe, ka yi amfani da ruwan sanyi har ka isa gari.

Mataki na 9: Cika tanki ka gwada

Sauke hannun bawul ɗin tsaro, ka cire ledar da ka rufe murhu da wayoyi, ka tabbata bawulolin kewaye suna kan matsayin aiki. Kunna injin tura ruwa, famfon ruwan zafi yana buɗe. Zai yi ta tari yana fitar da iska, ka jira har ruwan ya zubo a miƙe ba yankewa, sannan ka rufe. Busar da kewayen matoshin, ka naɗa masa busasshiyar takardar goge hannu, ka dawo bayan minti goma. Takarda tana nuna laimar da ido ba ya gani. Idan ta jiƙe, ƙara kwatan juyi kawai. Idan har yanzu tana jiƙewa bayan ka yi haka sau biyu, ka sauke matsi ka fito da matoshin ka sake naɗa tef, ko ka shafa man toshe zare wanda aka rubuta cewa ya dace da roba da ruwan sha.

Sai bayan ka tabbata tankin ya cika za ka buɗe gas ka mayar da wuta. Tunda hannunka ya yi ta gogar bututun gas, shafa ruwan sabulu a mahaɗansa ka duba ko akwai kumfa mai tasowa. In akwai, ka rufe tukunyar ka kira ƙwararren mai gyaran gas. Bar hitar ta dumama ruwa har ta kashe kanta, ka sake gwajin takarda, domin matsi yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi kuma wani yoyon sai a lokacin yake bayyana.

Idan ka ga bawul ɗin tsaro yana ɗiga lokacin dumamawa, yawanci iskar da ya kamata ta zauna a saman tanki ce ta ƙare. Kashe hitar ka bar ruwan ya huce, tsayar da ruwa, buɗe famfon zafi, ɗaga hannun bawul ɗin har ruwa ya daina fita, ka sake shi ya rufe, ka rufe famfon, sannan ka mayar da ruwa.

Idan zaren ya riga ya ji rauni

Ƙaramar ƙarzar zarto a wuri ɗaya ba ta hana riƙe ruwa. Bi da tab a hankali, ka ƙara zagaye ɗaya na tef tare da ɗan man toshe zare. Idan kuwa matoshin yana juyawa ba ya tsayawa, ko layuka da yawa sun share a gefe ɗaya, tef ba zai cece shi ba, kuma kada ka liƙe matoshi da gam mai ƙarfi, domin ka rufe hanyar zubar da ruwa ke nan kuma hunturu mai zuwa zai tsaga tankin. Sai a fitar da hitar a kai wa mai waldar alminiyam ya sa sabon bakin zare, ko a sayi tankin ciki shi kaɗai idan ana samun na irin lambar hitarka. Kafin ka yanke shawara ka leƙa cikin tankin da tocila ta ramin: idan ka ga bangonsa ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana, kuɗin waldar gara a tara shi a kan sabuwar hita.